Yadda 'Yan Katolika Ke Karanta Littafi Mai Tsarki

Tambaya: "Malam, na taso a ikilisiyar Furotesta inda kowa ke zuwa sujada da Littafi Mai Tsarki a hannu, mai wa'azi ya kira aya kowa ya buɗe. Yanzu na yi aure a gidan Katolika, ina bin maigidana zuwa Mas. Ban cika ganin mutane da littafi ba. 'Yan'uwana kuma na cewa an hana 'yan Katolika karatu, Fada ne kaɗai ke da ikon fassara, har an yi ƙari a littafinsu. Don Allah mene ne gaskiyar magana?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da zaman lafiya a sabon gida. Aikina koyar da Littafi Mai Tsarki ne ga masu shirin zama katikis, kuma tambayarki ba baƙuwa ba ce a ajinmu. A cikin abin da 'yan'uwanki suka faɗa akwai wanda ba haka yake ba, akwai kuma wanda ke da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ko ɗaya ba.

Bari in fara da abin da idonki ya gani. A yawancin cocinmu ba za ki ga littafi a hannun mutane ba, haka ne. Amma ranar Lahadi mai zuwa ki kasa kunne. Za a yi karatu na fari, galibi daga Tsohon Alkawari. Za a rera Zabura jama'a na amshi. Za a yi karatu na biyu daga wasiƙun manzanni. Sa'an nan kowa ya miƙe tsaye a rera Halleluya, Fada ya karanta Linjila, mutane su zana gicciye da babban yatsa a goshi da leɓe da ƙirji, wato Allah ya sa maganar ta zauna a tunani da baki da zuciya. Nassi huɗu ke nan kafin a fara wa'azi. Sauran kalmomin Mas ɗin ma daga Littafin aka ɗebo yawancinsu. "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki" waƙar mala'iku ce a Ishaya sura 6. "Ɗan Rago na Allah" maganar Yahaya Mai Baftisma ce a bakin Urdun. Abin da muke faɗa kafin karɓar Jikin Kristi, cewa ba mu isa ya shigo gidanmu ba, maganar hafsan sojan Rum ce a Matiyu sura 8.

Ɗan Katolika da kunne yake fara haɗuwa da Maganar Allah, kuma a cikin taro. Haka littattafan suka soma rayuwarsu tun farko. Bulus ya umarci Kolosiyawa su karanta wasiƙarsa a taronsu, su kuma sa a karanta ta a Lawudikiya. Wahayin Yahaya ya buɗe da sa albarka ga mai karantawa da masu sauraro, wato mutum ɗaya na karatu jama'a na ji. Wajen shekara ta 155 wani malamin Kirista mai suna Jastin Shahidi ya bayyana yadda Kiristocin birnin Rum ke yi ranar Lahadi: a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaban taro ya yi gargaɗi, a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi. Tsarin da kika tarar ke nan. Mu mazauna ƙasar Hausa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, domin maƙwabtanmu Musulmi idan azumi ya kama suna zama wurin tafsiri, mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, jama'a na sauraro, kuma ba wanda zai ce sun yi nesa da littafinsu don ba su riƙe shi a hannu ba.

Karatun da kike ji ba Fada ne ke zaɓarsu ba. Akwai littafin karatun Mas da aka tsara a 1969, bayan Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron bishof-bishof na Katolika na duniya, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965. Na ranakun Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku: shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka. Yahaya kuwa ana jin sa kowace shekara, musamman lokacin azumin Kirista da na Ista. Na ranakun mako yana zagayawa cikin shekara biyu. Abin da aka karanta a Shendam ko Kafanchan ko Maraɗi ranar Lahadi, in ban da 'yan bukukuwan da kowace ƙasa ke da su, shi aka karanta a Manila da Rum. Ni abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne yana ɗaure hannun mai wa'azi. Kowannenmu na da ayoyin da yake so da waɗanda yake kauce wa. Fadan da ke jin nauyin masu kuɗin cocinsa, idan ranar labarin mai arziki da Li'azaru ta zo a shekarar C, dole ya karanta shi da bakinsa a gabansu.

Akwai kuma hikima a yadda aka haɗa karatun. A yawancin Lahadi an zaɓi na Tsohon Alkawari ne don ya yi magana da Linjilar ranar. A shekarar B, ranar da za a karanta inda Yesu ya ce shi ne gurasar rai a Yahaya sura 6, karatu na fari shi ne saukar manna a jeji daga Fitowa sura 16. Ranar Juma'a Mai Kyau ana karanta Bawan Ubangiji mai shan wuya daga Ishaya 52 da 53, sa'an nan labarin gicciye daga Yahaya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, in ta yi shekara talatin tana jin wannan, ta koyi babbar ƙa'idar fassara ba tare da an kira mata sunanta ba: Sabon Alkawari na ɓoye cikin Tsoho, Tsohon kuma na bayyana cikin Sabo, kamar yadda Agustin bishop na Hippo ya faɗa. Sai dai tsarin bai ƙunshi komai ba. Ya ɗauki kusan dukan Linjila da yawancin Sabon Alkawari, amma daga Tsohon Alkawari kaɗan ya tsakuro. Wanda ya tsaya a kan abin da yake ji a coci kawai, akwai surori da yawa da zai mutu bai taɓa jin su ba.

Batun ƙari kuwa, lissafin gaskiya ne. Namu littattafai 73 ne, na ikilisiyar da kika taso 66. A Sabon Alkawari babu bambanci, 27 ne a wurin kowa. Bambancin na Tsohon Alkawari ne, inda muke da 46, su 39. Bakwai ɗin su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabi na fari da na biyu, tare da wasu sassa a Esta da Daniyel. Amma ba ƙari aka yi ba. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya ta Masar suka soma fassara littattafansu zuwa Helenanci, kuma wannan fassara, wadda ake kira Saftuwajinta, ita ce Kiristocin farko suka fi amfani da ita. Marubutan Sabon Alkawari sun sha ɗauko ayoyi daga cikinta. Waɗannan littattafai bakwai tare da ita suka shigo hannun Ikilisiya. Ki duba Ibraniyawa 11:35, inda ake maganar waɗanda aka azabtar suka ƙi karɓar kuɓuta don su sami tashi mafi kyau. Labarin da ake nufi yana Makabi na biyu sura 6 da 7. Taron bishof-bishof a Hippo a 393 da na Kartaj a 397, duka a Arewacin Afirka, sun lissafa su cikin Nassi. An yi ta muhawara a kansu, har Jerom babban mai fassara ya nuna shakkarsa don bai same su a jerin Ibrananci na Yahudawa ba, amma Ikilisiya ta ci gaba da karanta su a sujada. Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, a fassararsa ta 1534 bai cire su ba, ya ware su ne tsakanin alkawura biyu ya ce suna da amfani amma ba daidai suke da Nassi ba. Majalisar Tirent, taron bishof-bishof na Katolika, ta amsa a 1546 ta tabbatar da tsohon jerin. Ɓacewarsu gaba ɗaya daga bugun Furotesta ta yaɗu ne bayan 1826, lokacin da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta daina kashe kuɗinta a kansu. Ita ce kuma ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Shi ya sa yawancinmu, har da 'yan Katolika, muka taso da bugun da ba su a ciki.

Wannan tarihi ya kai mu ga inda gizo ke saƙa, wato wa ke da ikon fassara. Ki lura, babu inda Littafin ya lissafa sunayen littattafan da ke cikinsa. Jama'ar da ke yin baftisma, suna karya gurasa, suna mutuwa saboda sunan Yesu, sun wanzu shekaru kafin a rubuta Linjila ta fari. Su ne suka gane waɗanne rubuce-rubuce ke ɗauke da bangaskiyar da suka karɓa daga manzanni, suka ƙi wasu. Shi ya sa ɗan Katolika ba ya iya raba Littafin da Ikilisiyar da ta karɓe shi ta kuma miƙa shi. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa su riƙe koyarwar da aka ba su, ko ta baki ko ta wasiƙa (2 Tasalonikawa 2:15). Wannan koyarwa da ake miƙawa daga tsara zuwa tsara cikin sujada da addu'a da wa'azi ita muke kira Gadon Manzanni, kuma ba ta da alaƙa da al'adun gargajiya na wata ƙabila ko irin rigar da Fada ke sawa. Daga cikinta ne muka san Lahadi ce ranar taro, muka san yadda za mu furta cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, muka kuma san jerin littattafan kansu.

Aikin Paparoma da bishof-bishof shi ne tsaron wannan gado da yanke magana idan gardama ta taɓa tushen bangaskiya. Takardar Majalisar Batikan ta Biyu a kan wahayi, Dei Verbum, wadda aka fitar ranar 18 ga Nuwamba 1965, ta faɗa ƙarara cewa wannan ikon koyarwa ba ya bisa Maganar Allah, bawanta ne, yana sauraronta yana tsaronta yana bayyana ta. Mutane na zaton akwai wani kundi a Rum da ya ba kowace aya fassara ɗaya tilo. Babu shi. Ayoyin da Ikilisiya ta yanke hukunci a kan ma'anarsu kaɗan ne ƙwarai, kamar haihuwa ta ruwa da Ruhu a Yahaya 3:5, ikon gafarta zunubi a Yahaya 20:23, shafa wa marar lafiya mai a Yakubu 5:14, da kalmomin Yesu a kan gurasa da ƙoƙo. Abin da ta yi shi ne shata iyaka: duk fassarar da ta musanta cewa Yesu Allah ne kuma mutum ne, ko ta musanta tashinsa daga matattu, ta fita daga gona. A cikin iyakar kuwa fili na da faɗi, malamanmu na saɓa wa juna a kan abubuwa da yawa. Wa'azin Fada ma ba hukuncin Ikilisiya ba ne. Zai iya yin kuskure a bayani, kuma kina da 'yancin zuwa ki tambaye shi cikin ladabi bayan Mas. Me ya sa ake bukatar mai jagora? Bahabashen nan, jami'in fadar sarauniyarsu, a Ayyukan Manzanni sura 8 ya iya karatu, littafin Ishaya na hannunsa, amma da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, ya ce ina zai iya in ba wani ya bayyana masa ba. Wasiƙar Bitrus ta biyu ma ta yarda cewa a wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar ganewa da marasa sani ke murɗewa.

To, yaya ake fassarar kanta? Farkon abu shi ne yadda muka ɗauki hurarren Nassi. 'Yan'uwanmu Musulmi sun gaskata cewa an saukar da Alƙur'ani kalma da kalma ta hannun Mala'ika Jibrilu. Mu ba haka muke faɗa game da Littafi Mai Tsarki ba, kuma sanin wannan bambanci na rage gardama marar amfani. Mun gaskata Allah ne mawallafinsa, amma ya yi aiki ta wurin mutane waɗanda su ma marubuta ne na haƙiƙa, kowa da harshensa da zamaninsa da salonsa. Luka da kansa ya ce bincike ya yi, ya bi diddigin shaidu kafin ya rubuta. Littafin Katikisim na 1992, wato kundin koyarwar Katolika, ya ce bangaskiyar Kirista ba addinin littafi ba ce, ta Kalmar Allah ce mai rai wadda ta zama mutum. Littafi Mai Tsarki shaida ne ga Yesu, Yesu ne kuma mabuɗinsa.

Tunda mutane ne suka rubuta, tambayar farko kullum ita ce: me marubucin ke nufi, wa yake yi wa magana, kuma wane irin rubutu ne wannan? Akwai tarihi, akwai waƙa, akwai doka, akwai karin magana, akwai misali, akwai wahayi mai cike da alamu. Ba a karanta su da ido ɗaya. Paparoma Piyus na 12 ya ƙarfafa wannan a wasiƙarsa ta 1943, inda ya umarci malamai su koma Ibrananci da Helenanci, su yi nazarin salon rubutun mutanen Gabas na dā. Ɗauki Farawa. A sura 1 an halicci tsirrai da dabbobi sa'an nan mutum, namiji da mace tare. A sura 2 an fara da namiji, sa'an nan itatuwan gona, sa'an nan dabbobi, daga ƙarshe mace. Wanda ya jera surorin nan kusa da juna ba makaho ba ne, ya ga bambancin, bai dame shi ba, domin ba darasin kimiyya yake bayarwa ba. Yana koyar da cewa Allah ɗaya ne ya yi komai, rana da wata ba alloli ba ne, halitta na da kyau, mutum na ɗauke da kamannin Allah, mace da namiji darajarsu ɗaya, kuma mugunta ta shigo ne ta tawayen mutum. Wannan ita ce gaskiyar da Allah ya so a rubuta domin cetonmu, kuma a nan ne muke cewa Nassi ba ya kuskure. Shi ya sa ɗalibin Katolika ba ya bukatar zaɓi tsakanin ajin kimiyya da coci. Wanda ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya ya faro daga ɗigo guda yana ta faɗaɗa, Joj Lemetir, Fada ne ɗan ƙasar Beljiyam. Agustin tun ƙarni na biyar ya gargaɗi Kiristoci kada su riƙa faɗin shirme game da taurari da ƙasa da sunan Nassi har masana su yi wa bangaskiya dariya. Da alƙalan Ikilisiya da suka hukunta Galileyo, masanin taurarin da ya ce duniya ce ke zagaya rana, a 1633 sun bi wannan gargaɗi, da Ikilisiya ba ta sha kunyar da ta sha ba, kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya amince da kuskuren a fili a 1992.

Bayan wannan ma'ana ta zahiri, wadda ita ce harsashi, magabata sun ga wasu uku a kanta: abin da nassin ke nunawa game da Kristi, abin da yake bukata daga halinmu, da abin da yake nunawa game da makomarmu. Ketare Bahar Maliya ya isa misali. A zahiri Allah ya kuɓutar da bayi daga hannun Fir'auna. Game da Kristi, hoton baftisma ne, kuma Bulus ne ya fara karanta shi haka a 1 Korintiyawa sura 10. Game da hali, kira ne mu bar bautar zunubi kada mu yi marmarin tukwanen naman Masar. Game da makoma, ƙetarewa ce daga mutuwa zuwa ƙasar alkawari ta har abada. A daren Ista za ki ga an haɗa su wuri guda: ana iya rage karatun Tsohon Alkawari guda bakwai na wannan dare, amma ba a taɓa barin Fitowa sura 14, kuma jim kaɗan bayan haka a yi wa sababbin masu bi baftisma.

Ƙa'ida ta gaba ita ce ba a fizge aya daga jikin Littafin. Lambobin nan da muke kira ba marubutan ne suka sa su ba. Istifan Lanton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari, shi ya raba surori a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe ne ya sa su a 1551. Suna da amfani wajen nema, amma sun koya mana mummunar ɗabi'a ta jifan juna da aya guda. Shaiɗan ma ya ja Zabura 91 lokacin da yake gwada Yesu.

Inda wannan ƙa'ida ta fi aiki shi ne ayoyi masu nauyi. Zabura 137 ta ƙare da sa albarka ga wanda zai fyaɗa jariran Babila a kan dutse. Ba ma share ta, ba ma kuma yin kamar ba ta nan. A zahiri kukan mutane ne da aka ƙone birninsu wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, aka kashe 'ya'yansu, aka kwashe su bauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tokar ƙauyensu, kuma a yankinmu suna da yawa, ya san daga inda irin wannan magana ke fitowa. Zaburar na koya mana cewa ana iya kai wa Allah fushi ɗanye yadda yake. Amma ba izinin ramuwa ba ce, domin muna karanta ta a ƙarƙashin gicciyen wanda ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Benedik uban sufaye, a ƙarni na shida, ya karanta ta da cewa a kama mugayen tunani tun suna ƙanana a fyaɗa su a kan dutsen da shi ne Kristi. Agustin ya ba da ma'auni: duk wanda ke ganin ya fahimci Nassi amma fahimtarsa ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, bai fahimta ba tukuna. Da wannan ma'auni nake auna addu'o'in da suka yi yawa yanzu, har a cikin 'yan Katolika, na tara zaburori don kiran mutuwa a kan maƙiyi, da masu sa Littafin ƙarƙashin matashin kai a matsayin laya, da masu buɗe shi da ka don duba sa'a. Wannan ba karatun Ikilisiya ba ne. Haka ma masu lissafa ranar tashin duniya daga Wahayin Yahaya. An rubuta littafin ne don ƙarfafa ikilisiyoyi bakwai na Asiya da ke shan matsin mulkin Rum, kuma Yesu ya ce ranar nan ba wanda ya san ta sai Uba.

Saura batun hani, kuma a nan ne 'yan'uwanki ke da abin riƙewa. Kafin injin ɗab'i littafi da hannu ake kwafarsa, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, yawancin mutane ma ba su iya karatu ba. Sufaye ne suka yi ta kwafarsa ƙarni bayan ƙarni, kuma babban littafin farko da Gutenbag ya buga wajen 1455 Littafi Mai Tsarki ne na Latin. An buga shi da Jamusanci tun 1466, kafin a haifi Luta. To amma an yi hani a wasu wurare da wasu lokuta. Taron Tulus na Faransa a 1229 ya hana mutanen gari mallakar fassara a yankinsa saboda rikicin wata ƙungiya. Bayan rabuwar Katolika da Furotesta a ƙarni na 16 kuma Rum ta sa doka cewa sai da izini za a karanta fassarar harshen gida. An sassauta a 1757, amma tsoron ya daɗe a zukata. A ganina wannan taka-tsantsan ya wuce gona da iri, kuma ya bar mana gadon da har yau muke fama da shi: gidajen Katolika da yawa akwai carbin Rosari a kowane ɗaki, Littafin kuwa na kan kabad ya yi ƙura. A wannan fanni ikilisiyar da ta raine ki ta fi mu, kuma ya kamata mu koya daga gare ta. Koyarwar Ikilisiya a yau ba ta da ruɗani. Dei Verbum ta ce a buɗe wa kowa ƙofar Nassi, ta ƙarfafa fassara tare da sauran Kiristoci, ta kuma maimaita maganar Jerom cewa rashin sanin Nassi rashin sanin Kristi ne. A 2019 Paparoma Faransis ya keɓe Lahadi ta uku ta lokacin yau da kullum, wadda ke faɗowa a Janairu, ta zama Lahadin Maganar Allah.

Saboda haka ki karanta, kada ki fasa. Littafin da kike da shi yana da kyau, sai dai ki nemi bugun da ya ƙunshi littattafai bakwai ɗin, in kin sami mai bayani a ƙasan shafi da izinin bishop a farkonsa ya fi. Ki karɓi karatun Lahadi daga katikis ko daga kalandar coci, ku zauna da maigida daren Asabar ku bi su. Akwai tsohuwar hanya ta sufaye wadda wani ɗan ɗarikar Kartusiya mai suna Gigo ya rubuta a ƙarni na 12: a karanta ɗan guntu a hankali, a yi ta juya shi a zuci, a mayar wa Allah da amsa cikin addu'a, sa'an nan a yi shiru a gabansa. Aya biyar sun isa zama guda. Rosari ma da kike ji ana ja, rabin farko na gaisuwar Maryamu kalmomin Jibra'ilu ne da na Alisabatu a Luka sura 1, kuma asiran da ake tunani a kai kusan dukansu al'amuran Linjila ne. Ayoyin da kika haddace tun kina yarinya kuwa ki kai su Zumuntar Mata, ana bukatarsu, kuma idan kin shiga Ikilisiya sosai babu abin da zai hana ki zama cikin masu karatu a Mas.

Za ki ci karo da wuraren da bambancin fassara na gaske ne, ba na rashin fahimta ba: Yahaya sura 6 a kan cin jikinsa da shan jininsa, Matiyu 16 a kan Bitrus da mabuɗai, Yakubu sura 2 a kan bangaskiya da ayyuka. Idan kin zo nan kada ki yarda da "haka Ikilisiya ta ce" kawai. Ki roƙi Fada ya nuna miki yadda Kiristocin farko suka karanta wurin, domin haka mu ke warware irin wannan. A kan Yahaya 6, misali, za a kai ki ga Ignatiyus bishop na Antakiya, wanda aka kai Rum aka kashe a farkon ƙarni na biyu. A wasiƙar da ya rubuta wa ikilisiyar Simirna a kan hanyarsa ya ce gurasar godiya, wato gurasar Mas, naman jikin Mai Cetonmu Yesu Kristi ce, wanda ya sha wuya domin zunubanmu. Wasiƙunsa bakwai ne, gajeru ne, za ki iya karance su cikin yamma ɗaya ki auna da kanki.